Ƙullin Tsahara

Na dawo Safo hutun lakwal
da littafi guda a ƙasan jaka.
Na iske kakata Tsahara gindin rumbu,
ƙafafu miƙe, faifai bisa cinya,
tana tsince tsakuwa cikin iri.

Ta ce, me suka koya maka bana?
Na ce, Kaka, akwai wasu mutane
can ƙetaren teku, inda rana ke makara,
Fuweblo ake ce musu.
Da laka suke gini, ɗaki bisa ɗaki,
masara ce abincinsu.
Baƙi suka zo musu da doki da bindiga,
suka hana su rawa, suka hana su roƙon ruwa irin nasu,
har suna suka sauya musu.

Ta ɗago kai. Su ma da laka?
Na ce, su ma.
Ta ce, to ci gaba.

Na ce, da tura ta kai bango
sai suka ƙulla igiya ƙulli-ƙulli,
masu gudu suka raba gari gari,
kowace safiya a kwance guda,
ranar da igiya ta miƙe a tashi tare.
Suka kori baƙin, shekara goma sha biyu.

Ta hure ƙaiƙayi, ya sauka kan littafina.
Kaza ta zo, ta kore ta da diddige.
Can ta ce, mu dai ba mu kori kowa ba.

Ko ɗaurin ƙirji ban fara ba, in ji ta,
sa'ad da kumandan ya ce gujiya,
gujiya daga bakin gulbi har tudu,
don da ita ake biyan lanho.
An kwashe maza aikin hanya,
babana Barmo ya tafi da kafaɗa biyu
ya dawo da guda mai aiki.
Gardi yana bi gida gida da jar hula
yana soka mashi cikin rumbuna.

Uwata Tabawa ba ta iya gudu ba,
ba ta da baka, ba ta da kibiya.
Tulu gare ta mai tsagaggen baki.
Ta cika shi da geron kakanninmu,
dogon nan mai zangarniya kamu uku,
ta zuba toka, ta liƙe da laka,
ta bizne shi ƙarƙashin turken akuya.
Gardi ya duba ɗaka, ya duba tukunya,
ya duba har cikin tabarmar naɗe.
Wa zai sa takalmin gwamnati cikin kashin awaki?

Ruwan fari na sauka, da duhun asuba,
muka bi bayan kalgo, inda dokinsa ba ya zuwa.
Ita tana sara, ni ina zubawa,
tana faɗin wasu kalmomi ƙasa-ƙasa
da uwarta ta faɗa, da uwar uwarta.
Rabinsu na manta.
Rabin da ya rage shi nake faɗa har yau.

Na ce, Kaka, wannan ba ya cikin littafi.
Ta ce, da ya shiga littafi ai da gardi ya gani.

Ta ɗebo hatsi biyu ta shimfiɗa min a tafi,
ta ce nuna min namu, nuna min na kasuwa.
Na duba, na sake dubawa.
Shekara goma sha huɗu ina karatu.
Na nuna wanda ba shi ba.

Ba ta yi dariya ba.
Ta yago bakin tsohon kallabinta,
ta zuba cikin hannu guda,
ta ƙulle da haƙoranta ukun da suka saura,
ta cusa min cikin aljihu.

Ta ce, mutanenka na laka suna kwance nasu kullum.
Kai naka guda ne.
Kada ka kwance sai ka ji ƙamshin ƙasa.

Gabas ta fara haɗa baki.
Ta ce in ɗauko mata sungumi a bayan ɗaki,
in kuma cire wannan takalmin.