Mai Karɓar Bashi

Badagishiri, bakwai na safe.
Na buɗe ƙyauren waya,
na durƙusa gaban kaskon awo kamar mai gaida surukai.
Jiya na cika shi har tsinin ƙusa,
yau ga tsinin a waje, busasshe, yana harara ta.

Gwangwani ɗaya, biyu, uku,
sai a na tara ruwa ya koma mazauninsa.
Milimita tara. Na rubuta.
Ba wanda ya sha, ba inda ya yoyo.
Rana ta lasa, iska ta suɗe.

Duk garin nan ma'aunin ruwan sama suka sani.
Daren Talata da aka zuba ashirin da biyu
har zaure aka biyo ni da fitila ana tambaya.
Kaskon kuwa ba mai cigiyarsa.
Wa ke son jin takun mai karɓar bashi
ranar da rance ya shigo hannu?

Baba Nomau ya cusa hannu cikin ramin tasa
har agogonsa ya ɓace.
"Laima ta kai nan, Tsahara. Gobe sai sungumi."
Na ce, Baba, ashirin da biyu aka ba mu,
kullum kuma ana zaftarewa.
Gaskiya kasko ya fi ƙasa sakin hannu,
sai na rage masa kafin in yarda da shi,
amma ko an rage, mako ba zai zagayo ba.
Ya kakkaɓe yatsunsa.
"Ke ƙirga abin da ya tafi.
Ni tiya biyu ta iri gare ni, ba ta iya boko ba."

Ya shuka.
Kwana huɗu hatsi ya ɓullo, siriri kamar allura,
kowane ganye da bakunan da ido ba ya gani,
yana zuƙa daga ƙasa, yana hurawa sama.
Na ɗaura leda a reshen kalgo don in nuna wa jikansa.
Kafin azahar ta yi gumi.
Yaron ya ce, "Ashe itace ma na wahala."

Ran Lahadi awo ya ba ni goma sha tara.
Gabana ya faɗi,
sai na ga kashin akuya a gindin kasko,
da ɓarakar da ta yi a waya.
A gefen lamba na rubuta: akuyar Dije.
Su can Tawa su san yadda za su yi da ita.

Kwana goma sha ɗaya babu ɗigo.
Ganye ya naɗe kamar tabarmar baƙon da zai tafi.
Takwas. Tara. Takwas.
Na daina bi ta gonar Baba,
ina zagayawa ta bayan makaranta.
Gawo kaɗai bai damu ba, yana ta zubar da ganyensa.

Yau da asuba iska ta juyo, da nauyi,
gishirin kwano ya dunƙule.
Ina durƙushe, sai ga inuwa a kan ruwan.
Baba ne, riƙe da waya, bai ko yi sallama ba.
"Nawa aka ɗauka jiya?"
Na ce huɗu.
Ya dubi gabas ya daɗe.
"To, zuba masa," in ji shi. "Cika masa har ƙusar."