Katuna Huɗu a Wad Madani

A kasuwar 'yan gwangwan na tsince su,
katuna huɗu cikin kwalin dabino,
masu ɗaga muryar makirufo,
duk sun girme ni.
Mai rumfa ya ce, "Ƙarfe ne, a kilo nake sayarwa."
Ban taya ba, na biya.

Bayan Isha'i, in an kawo wuta,
nakan baje su a kan tabarma.
Akwatin da Sha'aibu maƙeri ya lanƙwasa mini
ya matse da faɗin farce.
Kwana uku ina bin sa da magagari.
Dalma ta ɗiga mini a yatsa,
ga tabon nan.

Na farko ya zauna. Na biyu ma.
Na uku ya yi ta ƙugi kamar zuma a tulu
sai da na gano wayar ƙasa da na mance.
Na huɗu bebe ne har yau.

Daren da allura ta motsa
na kai makirufo bakin Inna Tabawa.
Ta ce, "Me zan ce wa ƙarfe?"
Na ji numfashinta,
na ji carbi na zamewa,
da Hausar da ta tako da ita daga Haɗeja.