Ƙarangiya a Hantsa

Da asuba a Ladduga
Dudu ta durƙusa da ƙwarya,
saniyar ta kai mata shuri.
Hantsa ta ɗau zafi, ta ƙandare,
madara na fita gudaji-gudaji.

A ɗakin gwaji na Mando
Yohanna ya kafa ido a madubi.
Ga su nan, cure kamar ƙwan kwaɗo.
Ta ƙofar nono suka shiga
da 'yan ƙugiyoyi a jikinsu,
suna laluben inda tsoka ta ƙuje.
Ƙarangiya ba ta sallama,
kama zane kawai take.
Sai su lulluɓa da yauƙi,
tatsa ta zo ta wuce, suna nan.

Dudu ta wanke hannu sau biyu.
Maraƙi na kuka a dangwali.