Mai Allon Tsayawa

Bakwai saura kwata ina mararrabar hanyar Beja,
riga ruwan lemo a kan rigar sanyin mijina,
allo a hannu, fuska ɗaya ja, ɗaya kore.
Deolinda nake. Shekara talatin na yi ina tsinkar zaitun
a gonar nan da aka jera wa gilasai yanzu,
duk sun kishingiɗa suna kallon kudu
kamar masu jiran a ɗauke su hoto.

Hanyar ƙauyenmu jaki ne ya zana ta,
amalanke ya ɗan faɗaɗa ta.
Yau tirela arba'in ake so ta haɗiye kafin rana ta faɗi.

Dokokin suna aljihuna, takardar ta yi laushi don ninki:
ba babbar mota daga takwas zuwa tara, lokacin 'yan makaranta,
ba gudu a gaban coci,
ɗaya-ɗaya a kan tsohuwar gada.
Tankar ruwa ta yayyafa wa ƙura sau uku,
amma Gracinda ta ce sau biyu take gani,
ta kawo min zanin gadonta shaida,
fari ta shanya, ruwan ƙasa ta kwashe.
Ta nuna min tsagar bangonta:
watan jiya zare ke shiga, yau yatsa.
Na rubuta. Na kai wa helima. Ya ce za a duba.

Tsoho Anacleto shi ma rubutu yake yi.
Kujera a ƙofar gida, littafin awon madara a cinya,
kowace mota ya ja mata layi.
Tumakinsa ba su san ja da kore ba,
in za su tsallaka sai in ɗaga allo,
direbobi su yi ta cizon yatsa,
shi kuwa ya cika lofe a tsakiyar titi.
Bai taɓa gaishe ni ba tun da na sa rigar nan.

Laraba aka kaɗa masa ƙararrawa.

Ba ya cikin takarda. Babu dokar gawa.
Akwati ya fito a kafaɗar maza shida
daidai lokacin da ayarin ƙarfe ya iso kwana.
Na juya ja.
Oba-oba ta hau kira daga ƙuguna:
Deolinda, me ya tsayar da su? Kankare zai daskare!
Na murɗe mata baki.

Goma sha ɗaya na ƙirga, har bayan tudu.
Na farko ya kashe inji, na biyu ya bi,
shiru ya gangaro layin kamar ruwa a kwata.
Wani yaro ɗan arewa, Belmiro, ya sauko ya cire hula.
Rabon da in ji kukan tattabarun hasumiya
tun kafin bazara.

Minti ashirin da biyu.
An yanke min a albashi, ban yi gardama ba.

An ce baɗi wutar nan za ta kai Lisbon,
motoci su tafi, a cike ramuka, a karɓe allona.
'Yarsa ta kawo min littafin jiya.
Akwai sauran shafuka, da fensir ɗaure da zare.
Da safen nan, kafin in juya kore,
na ja layi ɗaya.