Wanki na Uku

Ruwa ya janye da asuba,
ya bar sa hannunsa a bango, daidai ƙuguna.
Ƙullin kayan mutum bakwai
na kwance ƙarƙashin teburin guga
kamar tarwaɗa a taɓo.

Na ɗaura leda a hannu biyu.
Wannan ba ruwan sama ba ne kaɗai:
da kwata ya zo, da baƙin man gareji,
da duk abin da Idi-Araba ta zubar tun bara.

Ɗaurayar farko ta laka ce, ba a ɓata sabulu.
Jarka shida na saya wurin Cindo mai kura,
ya ɗora hamsin a kan kowace,
a garin da jiya ruwa ya shigo mana kyauta.

Farare na jiƙa a bilic.
Atamfa ba ta son faɗa, sai ditol da lallashi.
Ashoken Iya Bose kuwa,
na bikin 'yarta ran Asabar,
na rungume shi kamar jinjiri,
na rasa ta inda zan fara.

A aljihun wata shadda na tsinci takarda,
tawada ta narke, lamba uku suka tsira.
Wani zai kwana jiran kira.

Wanki na uku, warin bai tafi ba.
Ko dai a hancina ya tare?

Na ja igiya daga falwaya zuwa tagar masallaci,
na shanya.
Rana ta leƙo, ta ga yawan aikin,
ta koma.

Ga hadari can yana haɗowa ta wajen Mushin.