Ƙwaryar Iri

Shekarar da kogi ya ci gonarmu a Guri,
ya ci rumbu, ya koma ya ci kushewar kaka,
Baba Shekarau ya tsaya bakin ruwa har la'asar.
Ya dawo bai ce uffan ba,
sai ya hau shafa wa ƙafafun amalanke baƙin mai.

Da asuba aka ɗaura shanu biyu, Goshi da Ɗan Baƙi.
Turmi a ƙasa, tabarmi a sama,
tukunyar Inna Tabawa naɗe cikin tsumma,
kaji uku a akurki suna ta ƙorafi.
Shekarata tara. Aikina guda:
in rungume ƙwaryar iri,
an rufe bakinta da faifai, an ɗaure da igiyar rama.
"Ko hannunki zai cire, Lantana, kada ki saki."

Da safe rana a ƙeyarmu,
da yamma ta zagayo ta tsaya mana a ido.
Kullum haka.

Bayan Malam Madori rairayi ya haɗiye ƙafafun.
Maza suka sa kafaɗa, mata suka shimfiɗa kara,
amalanke na kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta.
Kwana na shida itacen gindi ya karye.
Muka yi dare uku ƙarƙashin wata kanya,
Baba na sassaƙar ƙirya da gizagon da ya dushe.

Gari ya ƙare kafin Gagarawa.
Muka ci tafasa, muka ci yaɗiya,
muka gwagwiyi goruba har dasashi ya yi jini.
Wani dare na zura yatsa ƙarƙashin faifai,
na ɗebo tsaba bakwai na sa a baki.
Ban tauna ba.
Na ji Inna ta juya cikin barci,
na tofa su a tafi, na mayar da su da yawuna.

Ƙanena Cindo ya sha ruwan kududdufi
kafin ido ya kai kansa.
Kwana biyu cikinsa na gudu,
jiƙon sabara bai tsayar ba.
Mun binne shi inda babu gari, babu liman,
aka aza ƙaya saboda kura.
Baba ya ƙirga taku daga wata tsamiya: arba'in da ɗaya.
Har ya bar duniya yana maimaita lissafin.
Da muka koma bayan shekaru,
mun tarar an sare tsamiyar.

A Garki Goshi ya durƙusa bai tashi ba.
Mahauci ya ba da abin da bai kai kuɗin tunkiya ba.
Kawu Barau ya sa wuyansa a karkiya gefen Ɗan Baƙi,
kuma ba wanda ya yi dariya.

Inda muka sauka, yamma da Babura,
geza ce da sabara da shurin gara.
Mai gari ya nuna da sanda:
"Daga kukar can zuwa inda ƙarfinku ya tsaya."
Gaba goma sha huɗu aka haƙa kafin ƙasa ta yi sanyi.
Ranar da guga ya fito da laka Inna ta rangaɗa guɗa,
guɗar ta karye a tsakiya,
ta koma wani abu dabam.

Da ruwan shuka ya sauka aka kwance igiyar.
Baba na gaba da sungumi,
ina baya ina jefawa, ina rufewa da diddige.

Yanzu akwai famfo, akwai injin niƙa,
kasuwa na ci ran Laraba.
Jikokina sun ɗauka garin nan da shi aka halicci duniya.
In ana sussuka tsaba ta yi tsalle,
sai in duƙa da wannan bayan nawa in tsince.
Su ce, "Kaka, bar wa kaji mana."

Ban taɓa gaya musu ba:
tuwon da ke gabansu
jikan bakwai ɗin nan ne
da suka shiga bakina da yunwa, suka fito da rai.