Bandir Ɗaya

Kwana uku da tashin bam a tashar mota,
kwana uku keken ɗinkina bai huta ba.
Ni Gulizar, mai shago a layin masu gyaran takalma
a wani ɗan gari na tsakiyar Anatoliya,
da can ƙafar wando nake ragewa, in sa zif.
Yanzu tuta kawai ake nema.

Ja, da farin jinjirin wata, da tauraro.
Babba ta baranda, ƙarama ta madubin tasi.
Mai shayi ya sayi biyu, ya manta canjinsa.
Jan yadi ya ƙare a garin nan ƙaf,
har labulen ɗakina na sauke na yanka.

Kada wani ya ce ba na fushi.
Na san direban nan, Nurettin, mai dariya kamar tari.
Ranar Talata ya bar kwat a sa masa maɓalli,
ga ta can rataye, ba mai zuwa karɓa.
Daren farko ni ma na fita dandali,
na rera taken ƙasa har muryata ta dishe,
na tsine wa wanda ya ajiye jaka ƙarƙashin benci,
da wanda ya aiko shi,
da wanda ya ba shi ruwa a hanya.

Dare na biyu taron ya karya kwana.
Tutoci a kafaɗa, na gane ɗinkina.
Suka ja birki a gidan burodin Rojhat.
Shekara ashirin muna cin burodinsa da ɗuminsa,
laifinsa, da wani harshe yake gaida mahaifiyarsa.
Haushin kaza, huce kan dami.
Dutse ɗaya, gilashi ya zube.
Ina bayan taga, fitila a kashe,
ban ce uffan ba.

Da asuba ya ƙwanƙwasa ƙofata,
garin fulawa a girarsa, tsumma ɗaure a hannu.
"Ƙanwata, tuta guda, in rataya kafin dare.
Sai kuma farin yadi."
Ya haɗiyi yawu.
"Na Baran ne. Da agogonsa aka gane shi."
Baran, mai kai burodi tasha a keke
kullum ƙarfe bakwai, yana fito.

Bandir ɗaya gare ni na fari,
a jikinsa nake yanka wata da tauraro.
A jikinsa na auna likkafani,
almakashi na rawa a hannuna.
Ya miƙo kuɗi, na kau da kai.

Da guntun labule na haɗa tutar,
tauraron ya ɗan karkace, na bar shi haka.
Hantsi na yi na kai masa da kaina,
na taka fasasshen gilashi a idon 'yan layi,
na ɗaga murya na ce a ba ni burodi biyu.
Tanderun ya yi sanyi, na sani.
Na dai tsaya.